Su Wa Ke Riƙe da Gindin Waƙa?

Duk mai sauraron rediyon Hausa, ko yana Kano ko yana Haj Abdalla a Sudan, ya saba jin wata magana idan an zo sukar majalisa: wai 'yan majalisar sun zama 'yan amshin Shata, duk abin da shugaba ya kawo sai su ce to. Na san abin da masu faɗin haka suke nufi, kuma sau da yawa sukar tasu tana kan hanya. Amma raina yakan sosu saboda mutanen da aka ari sunansu aka yi zagin da shi. An mai da amshi aikin wanda ba shi da ta cewa. A ganina babu wani sashe na fasaharmu da aka yi wa rashin adalci kamar wannan, kuma mu Hausawan Jazira da na bakin Nilul Azraƙ mun fi kowa buƙatar gane haka, domin ɗan abin da ya rage mana na waƙa da wasa, a bakin masu amshi ya rage.

A duba yadda Shatan kansa yake aiki. Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, ba da takarda yake shiga fili ba. Nan take yake ƙera baitinsa. To a wane lokaci yake ƙerawar? A daidai lokacin da yaransa masu kalangu suke maimaita gindin waƙa. A wannan ɗan tsakanin ne yake jan numfashi, ya ɗaga ido ya ga wanda ya shigo da wanda ya yi kari, ya auna abin da zai faɗa a ɗa na gaba. Su ne ke riƙe masa ma'auni. In suka yi nawa ko suka yi gaggawa, waƙa ta gurgunce, komai zalaƙar jagora. Kuma ka tare kowane Bahaushe ka ce ya rera maka wata waƙar Shata, abin da zai fara fitowa daga bakinsa shi ne amshin. Baitoci ɗari sun tafi, gindin yana nan.

A wajen makaɗan fada kuwa aikin ya fi haka nauyi. Wanda ya saurari Ibrahim Narambaɗa ko Salihu Jankiɗi ko Musa Ɗanƙwairo da kunnen basira zai ji jagora ya ɗauko magana ya sake ta a tsakiya, yara su cafe su ƙarasa, wani lokaci su yi ƙari da abin da bai faɗa ba. Masana irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau sun yi dogon bayani a kan wannan karɓi da ƙari. Ba za ka iya ƙarasa maganar mutum ba sai ka haddace waƙar gaba ɗaya, ka san asalin sarkin da ake yi wa, ka san wanda ake yi wa zambo da dalilin zambon. Makaranta ce ta shekaru. Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, a layin amshi ya tashi, bayan mahaifinsa Usman Ɗankwanda, sannan bayan wansa Abdu Kurna, kafin ya ja nasa ayarin. Har Ɗan Maraya Jos, da ya yi zamaninsa shi kaɗai, bai tsira daga buƙatar ba: in ya ajiye baiti, kuntiginsa ne ke amsa masa.

Abin da ya sa maganar ta dame ni a nan Jazira, sai an waiwayi yadda muka zo. Bayan Turawa sun kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya jawo jama'a zuwa gabas, suka kafa garin da ke ɗauke da sunansa kusa da Sinnar. Kafin su da bayan su akwai ayarin alhazai masu tafiya a ƙasa, waɗanda suke yada zango su yi aiki su tara guzurin tsallaka Bahar Maliya. A 1921 aka kafa injin ɗaga ruwa a Haj Abdalla don gwajin noman auduga, a 1925 aka gama madatsar Sinnar, ruwa ya shiga magudanan ban ruwa, gonakin Jazira suka buɗe baki suna neman hannu. Kakanninmu suka ba da hannun. Wasu sun isa Makka sun dawo, wasu sun rasu da niyyar a zuci, jikokinsu ne mu.

Me mai tafiyar ƙasa yake iya ɗauka? In ban da Mai Wurno, inda sarauta ta ci gaba, ƙauyukanmu ba su da fadar da za ta ciyar da makaɗin kotso ko na taushi. Kiɗan fada sai da fada. Abin da ya ƙetaro Borno da Wadai da Darfur ya iso nan shi ne wanda ba ya buƙatar komai sai baki da tafin hannu: waƙar daka da ta niƙa, gaɗar 'yan mata a farin wata, waƙoƙin biki da na suna, begen Annabi, karatun allo da yara ke ɗauka baki ɗaya bayan malam. Duk waɗannan, in ka cire masu amsawa, babu su.

A leƙa tsakar gida ranar kamu. An kife ƙwarya a cikin babban kwano mai ruwa, wata a kife a kan tabarma, ga kuma gangar dalluka da aka aro daga maƙwabta. Tsohuwa guda tana zaune a bakin gadon angarib, muryarta ta dushe, ba ta kai ƙofar zaure ba. Ta jefa baiti. Matan da ke kewaye da ita, har da wadda ke tuƙa asida a murhu da wadda ke goye da jariri, suka ɗauka da murya ɗaya, sai waƙar ta haura katanga ta isa unguwa. In tsohuwar ta manta wani ɗa, sukan maimaita gindin sau biyu, sau uku, har ya dawo mata, kuma babu wanda zai gane an yi tuntuɓe. In ta sako habaicin da ya wuce gona da iri a kan dangin ango, sai ka ji amshin ya yi sanyi, tafi ya ragu, ita da kanta ta sauya hanya. Babu wanda ya ce mata ta bari. An dai rage mata murya, ta kuwa ji.

A cikin masu amsawar akwai yarinyar da Larabci take yi a makaranta da kasuwa da wajen ƙawayenta, wadda in kakarta ta yi mata Hausa takan mayar da Larabci. Farfesa Al-Amin Abu-Manga na Jami'ar Khartum ya fitar da littafi a 1999 kan yadda Hausar Sudan take jiƙewa da Larabci, kuma duk wanda ya zauna a ƙauyukanmu ya ji hakan da kunnensa. Wannan yarinyar ba za ta iya jan waƙa ba. Amma amshin tana yin sa daram, da kalmomin da ba ta taɓa amfani da su a hira ba, da karin harshe daidai yadda ake yinsa a Katsina ko Haɗeja. Ƙofar amshi a buɗe take ga wanda harshensa ya raunana, ba a tambayarsa shaidar ƙwarewa. Akan ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Gaskiya ne. Sai dai a tsakar gidan nan, in aka tambaye ni wace ce mai ita, ba tsohuwar kaɗai zan nuna ba.

Maƙwabtanmu Larabawan Sudan sun san wannan sarai. Waƙoƙin haƙiba da suka bunƙasa a Umdurman tun shekarun 1920, na su Muhammad Ahmad Sarur da Karoma, a kan jagora da shayyalin aka gina su, mutanen da ke tsaye bayansa suna tafi suna ɗauke masa waƙar. Masu ba da tarihin haƙiba sukan ce asalinta ma daga wani biki ne da tanabira, masu rakiyar mawaƙi da gurnanin maƙogwaro, suka ƙi raka Sarur, ya yi waƙarsa ba su. Abin lura shi ne bai ɗore shi kaɗai ba, sai da aka samo wasu masu amshin. Haka masu madihu da bandirinsu, haka 'yan mata da dalluka. A'isha Falatiya, 'yar wani malami, haifaffiyar Kasala, wadda a 1942 ta zama mace ta farko da ta yi waƙa a Rediyon Umdurman, a gidajen biki ta koyi sana'arta, a tsakiyar da'irar mata masu tafi. Ta rasu a 1974, Sudan duka tana alfahari da ita, mu ma muna yi. Matan da suka fara ɗauke mata waƙa kuwa, da wuya ka ji an ambaci sunansu.

Wasan kwaikwayo ma daga nan ya fito, aƙalla irin wanda ake koyarwa a jami'o'i. A birnin Atina na ƙasar Girka, ƙarni biyar kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam, rukunin masu amshi ne tushen wasa, ɗan wasa daga baya ya ɓullo yana mayar musu da magana. A zamanin marubucin wasa Eskilus su 12 ne, Sofokilis ya mai da su 15, wasan barkwanci kuma 24. Ba ƙwararru ba ne, 'yan gari ne ake zaɓa a horar, wani attajiri ya ɗauki nauyinsu a matsayin hidimar birni. Marubucin da ke son a nuna wasansa, abin da yake roƙo a wajen hukuma shi ne a ba shi masu amshi. In an ba shi, wasa ya tabbata. Su ne dattawan gari a cikin labarin, ko matan gari, ko bayi. Sarki yana fili yana yanke hukunci, su suna gefe suna tuna masa abin da ya faru da kakansa, suna jin tsoro a madadin 'yan kallo, suna tambayar abin da mai kallo yake so ya tambaya. Masanin falsafa Aristo ya ce a ɗauke su tamkar ɗaya daga cikin 'yan wasa, su zama gaɓa a jikin labarin.

Bahaushe bai karanta Aristo ba ya yi tashe. Daga goma ga watan azumi, a Kano da Zariya da Katsina, yara kan bi gida gida. Ɗaya ya manna gemun auduga, ya cusa tsumma a baya, ya dogara sanda yana rawar jiki, sauran suna kewaye da shi suna amsawa, suna nema masa taimako. Wani ya fito da tarkacen saiwoyi a matsayin Jatau mai magani, yana lissafa abin da kowanne ke warkarwa, masu amshi suna biye da shi. 'Yan mata su yi Mairama da Daudu, ɗaya ta sa rigar maza, sauran suna koya wa amarya zaman gidan miji. A duk waɗannan, mai shigar yana nuna hali ne, masu amshi kuma su ne gari: su ke yabawa, su ke kunyatawa, su ke faɗin abin da jama'a ta yarda da shi. Haka a tatsuniya. Mai ba da labari ba ta fara ba sai yara sun ba ta izini da bakinsu, in kuma ta iso wurin waƙar da ke cikin labarin, su ke karɓa.

Da wasan ya hau takarda sai aka bar su a waje. Tun daga Wasan Marafa na Abubakar Tunau zuwa wasannin Shu'aibu Maƙarfi da Uwar Gulma ta Mohammed Sada, tsarin da aka bi na makaranta ne, mutum biyu ko uku suna zance a ɗaki, labule ya rufe. Wasanni ne masu daraja, ba na rage musu komai. Amma Wole Soyinka, a wasansa na 1975 kan barden sarkin Oyo da ya kasa bin ubangidansa kabari, ya cika fili da matan kasuwa, kuma su ne suka fara ɗaukaka mutumin, su ne suka juya masa baya. Marubucin Sudan Ɗayyib Salih ma, a labarin auren Zain, ya bar ƙauye guda yana ɗaukar labari daga baki zuwa baki. Mu da muke da tashe a hannu, ba mu yi da shi abin da ya kamata ba.

Finafinan Kano, da suka fara da Turmin Danya a 1990, sun dawo da waƙa cikin labari, har ta yi yawa. Sai dai irin ta Indiya ce, saurayi da budurwa suna musayar baiti, kuma galibi in ka cire ta labarin bai rasa komai ba. Girkawa ma sun bi ta wannan hanya: Aristo ya koka cewa tun daga marubucin wasa Agaton aka fara cusa waƙoƙin da ba ruwansu da labari, zuwa zamanin Minanda kuwa marubuci alama kawai yake sawa cewa nan masu amshi za su yi wani abu, ba ya rubuta musu ko kalma. A situdiyo yau, yarinya guda ce za ta rera amshi sau ɗaya, a ninka muryarta a kwamfuta, a liƙa duk inda ake so. Sautin yana da tsabta. Amma wannan amshin ba zai taɓa yin sanyi ba don mawaƙi ya faɗi abin da bai dace ba, ba zai jira shi ba in ya manta, ba kuma zai koya wa kowa komai ba. Irin wannan ne yanzu ke tashi daga lasifika a bukukuwanmu, matan da a da su ne ke amsawa suna zaune a kan kujerun roba suna ɗauka da waya.

Ba zan ɓoye ɗaya fuskar ba, domin masu zagi da sunan 'yan amshi ba daga iska suka ɗauko ba. Akwai amshin tsoro. A wasan Agamemnon na Eskilus, dattawan gari suna tsaye a ƙofar fada suka ji ihun sarki ana kashe shi a ciki. Suka tsaya shawara, wannan ya ce a fasa ƙofa, wancan ya ce a bari a tabbatar, har aka buɗe ƙofar aka nuna musu gawa. Akwai kuma amshin fitina, wanda ya fi muni. A Darfur da Kurdufan an san hakkamat, mata mawaƙa da ke zuga jarumi su kunyata rago. An yi amfani da muryarsu wajen tura samari yaƙi, an kuma yi amfani da ita wajen sulhu. A duka biyun, baitin hakkama ba ya tashi sai in an ɗauka. Mu kanmu mun ɗanɗana. A rikicin Yulin 2022 a Rusairis da Damazin, sannan a Oktoba a Wad al-Mahi, ɗaruruwan mutane sun mutu, dubbai sun bar gidajensu, kuma kafin a zare wuƙa an daɗe ana jefa maganar cewa wasu baƙi ne a ƙasar da aka haifi kakanninsu. Mutum ƙalilan ne suka ƙirƙiri maganar. Dubbai ne suka amsa, a majalisar shayi da Facebook da WhatsApp. Wanda ya tura saƙon ƙiyayya gaba ya ce ai ba shi ya rubuta ba, amshi ya yi, kuma yana da kaso a cikin jinin.

Wannan ne ma ya sa na ƙi yarda a ce mai amshi ba shi da ta cewa. Da ba shi da ita, da ba shi da laifi. Yana da zaɓi a kowane gindi: ya ɗauka ko ya yi shiru. Matan tsakar gida sun san haka, shi ya sa suke rage murya in habaici ya yi yawa. Akwai kuma abin da ya fi shiru. A shekara ta 472 kafin haihuwar Annabi Isa, shekara takwas kacal bayan Girkawa sun karya rundunar Farisa a Salamis, Eskilus, wanda shi ma ya yi yaƙin, ya sa 'yan Atina goma sha biyu suka yi shigar dattawan Farisa, suka tsaya gaban garinsu suna makokin 'ya'yan abokan gaba. Ɗan wasa guda zai iya kwaikwayon baƙin cikin wani, a ce gwaninta ce. In jama'a ta haɗa murya ta yi, wani abu ne daban yake faruwa da ita.

Yaƙin da ya ɓarke tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF ranar 15 ga Afrilu 2023 ya iso mu. Wad Madani ta faɗa hannun dakarun RSF a Disamban wannan shekara, sojoji ba su dawo da ita ba sai 11 ga Janairu 2025, kuma tsakanin nan ƙauyukan da ke kan hanyar Madani zuwa Sinnar sun ga abin da baki ba ya iya faɗa. Mutane sun watse Gadarif da Kasala da Fot Sudan, wasu sun ƙetare iyaka. Na san wanda ya dawo ya tarar an kwashe masa injin ban ruwa da iri da ƙofar ɗaki ba waƙa ce a gabansa ba. Amma a lura da irin asarar. In jagora ta rasu, akan samu wata daga cikin masu amsa mata ta gaje ta, haka aka saba tun fil azal. In masu amshin ne suka watse, ɗaya tana sansani, ɗaya tana Masar, ɗaya tana kabari, tsohuwar za ta zauna da waƙoƙinta a ciki babu wanda za ta jefa wa, har ta tafi da su. Irin wannan asarar ba ta shiga lissafin kowace hukumar agaji.

Don haka ina kira ga samarinmu da 'yan matanmu na Haj Abdalla da Mai Wurno da sauran ƙauyuka, waɗanda suka dawo da waɗanda ke hanya. In za ku ɗauki muryar kaka a waya, kada ku zaunar da ita ita kaɗai a gaban bango. Ku tara mata ƙawayenta da suka rage, ku kife ƙwarya, ku ɗauki duka da'irar, ku rubuta sunan kowace da garin da iyayenta suka fito. Malaman makaranta masu shirya wasan ƙarshen shekara, ku ba yara ashirin aikin zama mutanen gari a cikin wasan, su yi magana da Hausa da Larabci yadda muke yi, su tambayi mai bindiga da mai kuɗi abin da iyayensu suka kasa tambaya. 'Yan'uwanmu masu fim da situdiyo a Kano, ku dawo da mutane masu rai bayan mawaƙi, ku sa sunayensu, ku biya su haƙƙinsu. Ke kuma 'yata mai riƙe da wayar, in kin ɗauki waƙa biyu, ki miƙa wa wani ya riƙe miki, ki shiga layi ki amsa ta uku.